Mama Gobe da Lambobi Huɗun Ƙarshe

Kafin masu shara su gama goge daɓen babban zauren filin jirgi, ita ta riga ta iso. Ƙarfe shida saura kwata za ka ji takunta, jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu, ta nufi kanta ta bakwai, inda ake duba tikiti a karɓi kayan fasinjoji. Takan fara da goge sikelin auna kaya da tsumma, duk da ba aikinta ba ne, ta ɗora ƙafa a kai ta ɗauke don ta ga ya koma sifili. Sai ta rataya tabarau, ta kunna kwamfuta. Abokan aikinta kowa jerin fasinjojin yau yake buɗewa. Ita kuwa na gobe take fara dubawa. Shi ya sa sunanta na gaskiya ya ɓace a filin nan. Daga manaja har masu tura kaya, Mama Gobe suke ce mata, ita ma ta daina gyara musu tun da daɗewa.

Abu ɗaya take nema a cikin jerin: inda sunan fasinja daban, sunan mai katin bankin da aka sayi tikitin da shi daban. Ɗa ya saya wa mahaifiyarsa, mace ta saya wa mijinta, wa ya saya wa ƙani. Kamfanin jirgin yana da doka a kan irin wannan tikiti. Fasinja ba zai shiga jirgi ba sai ya nuna hoton katin, da takardar izini mai sa hannun mai katin, da hoton shaidarsa, sannan lambobi huɗun ƙarshe na katin su yi daidai da waɗanda ke cikin kwamfuta. Dokar ba mugunta ba ce, ɓarayin kati ne suka jawo mana ita. Laifinta ɗaya, an rubuta ta da ƙananan baƙaƙe can ƙasan tikiti, inda ko mai ido huɗu ba ya kaiwa. Sai mutum ya gama sallama da dangi, ya ɗaure akwati, ya tsaya a layi awa guda, sannan a tambaye shi katin da mai shi ke wata ƙasa.

A shekarar da dokar ta fito, Mama Gobe da bakinta ta mayar da wani dattijo da 'yarsa ta saya wa tikiti. Bai yi faɗa ba, bai roƙa ba. Ya ja akwatinsa gefe ya zauna a kai, yana kallon allon da ke nuna tashin jirage har sunan nasa jirgin ya ɓace. Ta ce da ya zage ta, da ta fi samun sauƙi. Washegari ta nemi a ba ta wayar ofis, kuma shekara goma sha takwas ta yi ba ta fasa ba, cikin ashirin da tara da ta yi a bayan kanta.

Kiran nata ba ya canzawa. Ta gaisa, ta faɗi sunan kamfani, sannan ta ce, “Gobe za ku tashi, ko?” Daga nan sai ta lissafa abin da za a zo da shi, a hankali, sau biyu idan tsoho ne. Takan ja kunne cewa a rufe lambobin tsakiyar katin da yatsa kafin a ɗauki hoto, kuma kada a kuskura a ɗauki bayansa, ko da ita ce ta nema. Wasu kan ɗauka 'yar damfara ce, su wanke ta tas su kashe waya. Ba ta jin haushi ko kaɗan. Sai ta sake kira ta ce sun kyauta da ba su yarda da ita ba, su nemi lambar kamfani a jikin tikitinsu su kira da kansu, su ce a haɗa su da kanta ta bakwai. Ba a taɓa ƙara mata ko sisi a kan wannan aiki ba, kuma babu takardar ofis da aka rubuta shi a ciki.

Mama Gobe, ke ce wadda kika mayar da matsalar gobe aikin yau. Ke ce mai tashin mutane da waya don kada a tashe su da baƙin labari a gaban kanta. Dubban mutane sun wuce ta gabanki sun shiga jirgi lami lafiya, ba su ma san akwai ramin da kika cike musu tun jiya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka sanyin hali ne ya yi mata yawa. Tsohon mai tura kaya da ya fi kowa daɗewa a zauren yana ba da labarin wani mai ƙamshin turare da ya zo da hoton kati da takardar izini tsaf-tsaf, sai dai sa hannun bai kwanta mata ba. Da ta ce za ta kira mai katin, sai mutumin ya turo fasfo da ambulan ɗin kuɗi a ciki. Ta zare ambulan ɗin da yatsa biyu ta ajiye masa a kan sikeli, ta ce kayansa sun yi nauyi. Ashe katin na wata tsohuwar malamar jinya ne, wadda ba ta ma san an kwashi lambobinta ba. Mai tura kayan ya ce bai taɓa ganin mutum ya bar filin jirgi da sauri haka ba tare da ya hau jirgi ba.

Amma ranar da duk zauren ya fi tunawa da ita, ita ce ranar maɗinkiya.

Mace ce mai kimanin shekara hamsin, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ƙaninta, wanda ke zaune a wata ƙasa da iyalinsa, ƙodarsa duka biyu sun daina aiki, sau uku a mako ake ɗora shi a kan injin wankin ƙoda. An gwada dangi, nata jinin ne ya dace. Za ta je ta ba shi ƙoda ɗaya. Asibiti ya sa mata gwajin ƙarshe washegari da safe, aikin kuma cikin makon. An riga an ɗage sau ɗaya, likitoci kuma sun gaya wa matarsa a fili cewa jikinsa ba zai jure wani ɗagin ba. Jirgin da ke zuwa ƙasar sau biyu yake tashi a mako, na gaba kuma ya cika.

Ƙanin ne ya sayi tikitin da katinsa wata biyu da suka wuce. Mama Gobe ta kira maɗinkiyar tun jiya kamar yadda ta saba, ita kuma ta zo da komai a cikin leda mai zif, ta rungume a ƙirji. Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar ta iso gaban kanta. Ƙarfe sha ɗaya ake rufewa.

Takardar izini lafiya lau. Hoton shaida lafiya lau. Mama Gobe ta duba hoton katin, ta duba kwamfuta, ta cire tabarau ta goge da bakin ɗankwali ta sake dubawa. Kwamfuta ta ce 4172. Hoton ya ce 9056. Abokiyar aikinta ta kanta ta takwas, wadda kowa ke kira Ta Takwas, ta ce a lokacin ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Mama Gobe ta tsaya cak, hannunta a kan takarda, har na bayan layi suka fara leƙe.

Aka kira manaja. Shi ma ba mugu ba ne, mutum ne da aka taɓa cire wa albashi a kan irin wannan tikiti. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce lambobi ba su dace ba, ba zai iya sa hannu ba. Hanya ɗaya ce, a sayi sabon tikiti yanzu a farashin yau, daga baya a mayar wa mai katin kuɗin tsohon. Maɗinkiya ta tambayi farashin. Da ta ji, sai ta ce ko ta sayar da kekunan ɗinkinta uku da shagon ba za su kai ba, kuma ba a sayar da shago cikin rabin awa. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Hawayen ne kawai suke zuba a kan ledar.

Mama Gobe ta kira ƙanin, waya a kashe. A daidai lokacin yana kan injin, kuma sai ya yi awa huɗu. Ta kira matarsa, wadda ke gida tana haɗa masa abin da zai ci idan ya sauko. Nan gaskiya ta fito. Banki ya aiko masa da sabon kati mako uku da suka wuce saboda wa'adin tsohon ya ƙare. Da aka ce a turo hoton kati, sai suka ɗauki wanda ke cikin walat, don a wurinsu kati ai kati ne, suna ɗaya, banki ɗaya. Saƙon bankin da zai nuna tsohuwar lambar yana cikin wayarsa, wayar kuma tana kulle a akwatin asibiti. Tsohon katin fa? Matar ta ce ta ga ya sa almakashi ya raba shi biyu, ƙila ya bi shara tun tuni. Sai ta fara cewa laifinta ne, ita ta ɗauki hoton.

Saura minti ashirin da biyu. Da wani ma'aikacin ne, da ya ba da haƙuri ya kira na gaba, kuma babu mai ganin laifinsa. Mama Gobe kuwa ta tura layinta kanta ta takwas, ta sa mai tura kaya ya kawo kujera, ta zuba wa maɗinkiya shayi a murfin filas. Ba ta kashe wayar matar ƙanin ba. Sai ta yi tambayar da ta sa manaja ya kalle ta kamar ta zauce.

“Baiwar Allah, ƙanin nan naki, mai zubar da kaya ne ko mai ajiya?”

Maɗinkiya ta ɗago, ta share fuska, wata 'yar dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. Ta ce wa, shi? Ko lanƙwasasshen ƙusa bai taɓa jefarwa ba. Tun yana yaro aljihunsa kamar shagon gwangwani. Kuma yana da wata cuta da ta fi ta ƙodar daɗewa a jikinsa: ba ya iya zama kusa da abin da ke girgiɗi. Kujera ce, gado ne, sai ya durƙusa ya cusa masa wani abu a ƙafa. Zuwansa na ƙarshe ma, tsohon katin asibitinta ya naɗe ya sa wa keken ɗinkinta, har yau yana nan.

Mama Gobe ta mayar da wayar kunne.

“'Yata, saurare ni da kyau. A gidan nan naku, akwai abin da yake girgiɗi a da, kwanan nan ya daina?”

Ta Takwas ta ce har fasinjan da ke gabanta ya daina ɗora akwati a sikeli. Can sai aka ji muryar matar, ƙasa-ƙasa.

“Teburin cin abinci.”

Aka mayar da kiran na bidiyo. Mama Gobe ta jingina wayar a jikin kwamfuta yadda manaja zai gani. Suna kallo matar ta ajiye tata wayar a ƙasa, ta rarrafa ƙarƙashin tebur, ta sa kafaɗa ta ɗaga. Aka ji kwanuka sun zame, wani abu ya fashe, ba wanda ya kula. Ƙafar farko babu komai. Ta biyu ma haka. A ta uku sai ga shuɗin roba guda biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya, ƙafar tebur ta yi musu tambari a tsakiya. Ta goge su a zaninta, ta nufo da su gaban waya.

Kuma a wannan lokacin, da saura minti shida, ran mutum kuma na cikin haɗari, abin da ya fara fitowa daga bakin Mama Gobe shi ne, “Rufe na tsakiya da yatsa tukuna, 'yata, akwai mutane a nan.”

Matar ta rufe. Ta haɗa gutsuren biyu, yankan almakashin ya zauna daidai. A hagu sunansa, irin wanda ke kan takardar izini. A dama 4172. Manaja ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa wayar, ya karanta a fili, ya karanta na kwamfuta a fili, ya ɗauki hoton allon don fayil. Ya zaro biro daga aljihu ya sa hannu, ƙarfe sha ɗaya saura minti huɗu.

Maɗinkiya ta nemi durƙusawa, Mama Gobe ta hana ta, ta ce babu lokacin wannan. Ta saka mata takardar shiga jirgi a cikin fasfo, ta ce ƙofa ta huɗu, ta ba ta kujerar gefen hanya kusa da bayan gida tunda hawan farko ne, idan kunnenta ya toshe ta yi ta haɗiyar yawu. Tsohon mai tura kaya ya ɗauki jakar hannunta ya yi gaba da gudun da ya ce rabonsa da shi tun yana saurayi. Mama Gobe ta gyara tabarau ta kira na gaba. Sai da layi ya ƙare Ta Takwas ta ga ta ɗauki filas za ta zuba shayi, rabi ya zube a kan teburin aikinta. Ta shiga bayan gida ta daɗe, ta fito idanunta jajur, ta ce ƙurar na'urar sanyi ce.

Abin da ke ba mu mamaki har yau, ba ta karya doka ba, ko kusa. Ba ta roƙi manaja ya kau da kai ba, ba ta ce a yi don Allah ba. Lambobi huɗu doka ta nema, lambobi huɗu ta kawo mata, daga ƙarƙashin tebur a wata ƙasa. Mu da muke ganin ma'aikaci iri biyu ne kawai, mai taurin kai da mai cin hanci, ga ta uku nan ta zauna a gabanmu shekara da shekaru ba mu lura ba. Ke ce wadda kika san bayan kowane kati akwai mutum, kuma mutum yana da hali, idan aka bi halin za a kai ga katin.

Aiki ya yi kyau. Bayan wata uku maɗinkiya ta dawo da ƙoda ɗaya da ƙiba a kumatu, ta zo kanta ta bakwai da saƙo daga ƙaninta. Mama Gobe ta rungume ta, ta karɓi gaisuwa, ta mayar da saƙon ko buɗewa ba ta yi ba. Ya sake aikowa, ta sake mayarwa. A karo na uku ya kira ta da kansa, ya ce Mama, kada ki sa in ji kunyar yayata. Ta ce muddin rigar kamfani na jikinta, ba ta karɓar ko alawa daga fasinja. Ya tambayi yaushe za ta cire rigar. Ta ce saura shekara shida. Ya ce to zai jira. Ta Takwas ta ce da aka ajiye wayar, Mama Gobe ta daɗe tana murmushi ita kaɗai, sannan ta ce ba abin da ya yi mata daɗi kamar jin mutumin da ake ƙirga wa makonni yana alƙawarin shekara shida.

Makon jiya ta cire rigar. An yi ɗan taro a ɗakin hutun ma'aikata, manaja ya fara jawabi ya kasa kai ƙarshe, mai tura kaya ya ƙarasa masa. Kwana biyu bayan haka tikiti daga ƙanin maɗinkiya ya shigo wayarta, zuwa da dawowa, da sunanta na gaskiya a kai. Wannan karon ba ta da hujjar mayarwa.

Yau da safe, ƙarfe shida da rabi, tana zaune a falonta da filas a gaba, ta yi wanka ta shirya tsaf ba ta da inda za ta, sai wayarta ta yi ƙara. Lambar ofis ce. Muryar Ta Takwas ce, ta gaishe ta kamar ba ta san ta ba, ta faɗi sunan kamfani, sannan ta ce, “Gobe za ku tashi, ko? Na ga sunanku daban da na mai katin da ya biya.” Ta lissafa mata takardun ɗaya bayan ɗaya, sau biyu, ta ja mata kunne a kan lambobin tsakiya. 'Yar Mama Gobe, wadda ke wurin, ta ce mahaifiyarta ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba, tana cewa to, to, na gode, hawaye na bin kumatunta. Takardun kuwa tun shekaranjiya suna cikin leda mai zif, kuma sai da ta sa mutumin ya tabbatar mata sau biyu cewa banki bai canza masa kati ba.

Mun gode, Mama Gobe. Mun gode a madadin dattijon da ya zauna a kan akwatinsa, wanda bai san zamansa ya ceci dubbai ba, da duk waɗanda suka zage ki a waya suka kuma tashi lafiya washegari. Ku da kuke zaune a bayan kanta, ko ta banki ce, ko ta asibiti, ko ta makaranta, ku buɗe jerin gobe tun yau. Ku ɗaga waya. Idan takarda ta ƙi, ku ba mutum kujera ku tambaye shi labarin nasa kafin ku kira na gaba.

Ke kuma, Allah ya kai ki lafiya, ki zauna a gefen taga wannan karon. Suna jiran ki da abinci a kan teburin nan. An ce shekara shida ke nan yana girgiɗi, miya na tangaɗi a kwano, kuma mai gidan, wanda ba ya iya zama kusa da abin da ke motsi, ya hana kowa sa masa komai a ƙafa sai kin zo kin gani.